Yadda 'yan mazan jiya ke neman izinin maƙala lambar yabon wata ƙasa: hanyar da aka bi a Birtaniya kan lambar Malesiya

Karɓar lambar yabo daban, izinin maƙala ta a ƙirji daban. A tsakanin waɗannan biyun ne tsofaffin sojojin Birtaniya da suka yi aiki a Malaya (yammacin Malesiya a yau) da tsibirin Borneo suka maƙale har kusan shekara shida. A 2004 gwamnatin Malesiya ta ƙirƙiro lambar Pingat Jasa Malaysia domin gode wa sojojin ƙasashen Kwamanwel da suka taya ta tsaron ƙasa, tun daga ranar samun 'yancinta, 31 ga Agusta 1957, har zuwa ƙarshen takun-saƙarta da Indunusiya a 1966. Ostireliya da Niyu Zilan suka karɓa, suka ce wa mutanensu kowa ya sa abinsa. Birtaniya kuwa, a ƙarshen Janairun 2006, ta ce nata su karɓa su ajiye, amma babu izinin maƙalawa. Sai a Nuwamban 2011 aka ɗage wannan hani. Mutanen da suka kwana a daji ɗaya, suka sha ruwan rafi ɗaya, wani yana tsaye a faretin tunawa da lambarsa a ƙirji, wani tasa tana cikin akwati a gida. Duk ƙungiyar tsofaffin sojoji da ta samu kanta a irin wannan hali, ga yadda aikin yake tafiya.

Ku fara gano wanda ya ce a'a

Yawancin wasiƙun farko ɓata tawada ne, saboda ana aika su inda ba a yanke hukunci. Tsohon soja ya saba da Ma'aikatar Tsaro, don haka can yake kai kukansa. Amma a Birtaniya lambar da wata ƙasa ta bayar tana shigowa ne ta Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ta je gaban wani kwamiti na manyan jami'an gwamnati mai kula da bayar da lambobin girma da na yabo, wanda aka fi sani da kwamitin HD. Wannan kwamiti shi ke ba mai sarauta shawara, kuma daga fadar ne izini ke fitowa. Minista zai iya amsa muku wasiƙa cikin ladabi, ya ce yana tare da ku, alhali ba shi da wuƙa ba shi da nama a kan maganar.

Abu na biyu da ake yawan kuskurewa: mutum ɗaya ba ya neman izini da kansa. Gwamnatin da ke son bayar da lambar ce ke rubuto wa gwamnatinku ta hanyar jakadanci, ta faɗi sunan lambar, da dalilinta, da waɗanda suka cancanta. Idan wannan takarda ba ta shigo ba, babu abin da kwamiti zai duba, kuma za a gaya muku haka. Saboda haka tun kafin ku ɗaga murya, ku je ofishin jakadancin ƙasar da ta ba ku lambar, ku nemi ganin hafsan soja mai kula da harkokin tsaro a ofishin, ku tambaye shi abu uku: an aika takardar tayi a hukumance, yaushe aka aika, kuma me aka amsa. Ku riƙe wannan mutum da kyau. Kada ku ja shi cikin cacar baki da gwamnatinku, domin shi baƙo ne a ƙasar, kuma in kuka kunyata ofishinsa zai janye jiki.

Ƙa'idojin da za a kafa muku hujja da su

Ku nemi rubutattun ƙa'idojin karɓa da maƙala lambobin ƙasashen waje, ku karanta su layi-layi, ku duba shekarar da aka yi wa kowanne gyara. A rikicin lambar Malesiya ƙa'ida biyu aka dogara da su. Ta farko ita ce ta shekara biyar: ba a duba lamba a kan aikin da ya wuce shekara biyar da yin sa. Ta biyu ita ce ta hana ninki: ba a ba mutum lamba biyu a kan aiki ɗaya.

Kada ku raina waɗannan ƙa'idoji, suna da dalili. Ta shekara biyar an kafa ta ne don kada 'yan baya su riƙa warware hukuncin waɗanda suka ga abin da idonsu, bayan shaidu sun mutu takardu sun ɓace. Ta hana ninki kuma don kada lamba ta yi araha har ta rasa daraja. Wanda ya shiga gaban jami'ai yana cewa ƙa'idojin shirme ne, ya ba su damar rufe fayil. Abin da ke aiki shi ne ku nuna cewa dalilin da ya sa aka kafa ƙa'idar bai taɓa maganarku ba.

Ga yadda ake yi da ta hana ninki. Ku ɗauki takarda ku ja layi biyu na kwanan wata, ɗaya na lambar baƙi, ɗaya na lambobin gida. Lambar aikin soja ta Birtaniya tana zuwa da ɗan siririn ƙarfe a jikin ƙyallenta, mai ɗauke da sunan fagen da aka yi aikin. Ƙarfen da ke ɗauke da sunan Malaya ya tsaya ne a 31 ga Yuli 1960, ranar da aka ɗage dokar ta-ɓaci. Na Borneo ya soma daga 24 ga Disamba 1962. Na zirin Malaya bai soma ba sai 17 ga Agusta 1964. To sojan da ya yi 1961 da 1962 yana sintiri a dazukan kan iyakar Malaya da Tailan fa? Babu wata lambar gida da ta rufe masa wannan lokaci. A kansa maganar ninki ba ta taso ba ko kaɗan, tunda babu ta farko balle ta biyu. Irin wannan giɓi shi ne dukiyarku. Ku ƙirga mambobinku da suka faɗa cikinsa, ku rubuta sunan rundunar kowa da watannin da ya yi.

Ta shekara biyar kuwa, amsarta tana cikin sanarwar gwamnati ta 2006 kanta. Sanarwar ta ce an yi sassauci a kan ƙa'idojin biyu domin a ba mutane damar karɓar lambar. In har an iya jingine su don karɓa, mene ne ya rage da zai hana maƙalawa? Wannan tambaya ɗaya masu fafutukar suka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, kuma ita ce ta fi ba jami'ai wahalar amsawa. Ƙari a kan haka, cancantar lambar Malesiya ba ta dogara da shaidar baki ko tunanin wani dattijo ba. Kwanan wata ne a rubuce a fayil ɗin soja, wanda shekara hamsin ba ta canza shi.

Akwai kuma hujjar tsohuwar takarda. Masu fafutukar sun tono wata sanarwa a jaridar gwamnati ta London Gazette ta watan Mayun 1968, wadda suka fahimta a matsayin izini ga 'yan ƙasar da ba sa cikin aikin gwamnati su maƙala lambobin da ƙasashen Kwamanwel suka ba su da yardar Sarauniya. Gwamnati ta ƙi amincewa da wannan fahimta. Irin wannan hujja tana da amfani wajen nuna cewa ƙa'idojin sun harɗe, amma kada ku ɗora duk ginin a kanta, domin wanda ya rubuta ƙa'ida shi ke da bakin fassara ta.

Ku tara misalan da aka taɓa yin sassauci

Jami'in gwamnati yana jin tsoron zama na farko. Aikinku shi ne ku nuna masa cewa an riga an bi hanyar. Malta ta fitar da lamba a 1992 don cika shekara hamsin da ba tsibirin lambar bajinta ta Birtaniya mai suna George Cross, aka bar 'yan Birtaniya suka maƙala. Lambar Rasha ta cika shekara arba'in da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, wadda aka ba ma'aikatan jiragen ruwan da suka kai kaya ta tekun Aktik, ita ma an ba da izininta a 1994. A 2003 Birtaniya da kanta ta amince da lamba ga waɗanda suka yi aiki a yankin mashigin Suwez daga 1951 zuwa 1954, wato bayan kusan shekara hamsin. Wanda zai fara fafutuka yau yana da ƙari: bitar da tsohon jakada Sir John Holmes ya yi wa tsarin lambobin sojan Birtaniya a 2012, da lambar Ushakov ta Rasha da aka amince da ita a 2013 bayan an fara ƙin ta, da lambar girma ta Faransa da aka soma ba waɗanda suka yi yaƙin 'yanto ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga 2014.

Ku san misalan da ba su goyi bayanku ba, tun kafin a jefo muku su. Lambobin da Saudiyya da Kuwait suka bayar bayan yaƙin Tekun Fasha na 1991, sojojin Birtaniya an bar su su karɓa don ajiya kawai, saboda akwai lambar gida ta wannan yaƙi. Ku shirya bayanin abin da ya bambanta naku da wannan. Kowane misali ku rubuta shi a layi huɗu: sunan lamba, shekarar aikin, shekarar izini, ƙa'idar da aka jingine. Shafi ɗaya ya isa, kuma shi za ku riƙa miƙa wa kowa.

Takardun kowane mutum

Fafutuka tana rushewa ne ranar da aka gano mutum ɗaya a sahun gaba wanda bai cancanta ba. Don haka ku tantance kanku tun kafin wani ya tantance ku. Sharaɗin lambar Malesiya shi ne kwana 90 ko fiye a yankin da aka ayyana cikin shekarun da aka ambata, kuma aiki a Singafo yana shiga lissafi ne zuwa 9 ga Agusta 1965 kawai, ranar da ta rabu da Malesiya. Wanda ya sauka Singafo a Yulin 1965 ya zauna can har 1966 bai taka wani wuri ba, kwanakinsa ba su kai ba, komai tsawon zamansa.

Kowane mamba ya nemi kwafin fayil ɗin aikinsa. Na sojan ƙasa ana nema ne ta cibiyar ma'aikatan soja da ke Glasgo, sojan ruwa da na sama kuma kowanne da nasa ofishin, wasu tsofaffin fayiloli kuma an soma mayar da su gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kew. Abin da ake buƙata daga fayil ɗin: lambar soja, cikakken suna kamar yadda aka rubuta shi lokacin ɗauka, runduna, ranar sauka a yankin da ranar barinsa. Wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne. Mutum ya ƙirga daga ranar da jirgi ya tashi daga gida maimakon ranar da ya isa. An ba da aron soja ga wata runduna na wata huɗu amma fayil ya nuna shi a rundunarsa ta asali. Ma'aikacin jirgin ruwa ya san ya yi sintiri a gaɓar Borneo, amma sai an duba littafin tafiyar jirgin kafin a tabbatar da kwanakin. Idan mai lambar ya rasu, matarsa ko magajinsa zai iya buƙatar takardar shaidar rasuwa da abin da ke nuna dangantaka. Kada kowa ya aika takardar asali ta gidan waya. Kwafi ake aikawa, asalin ya zauna a gida.

A Birtaniya ƙungiyar tsofaffin sojojin Malaya da Borneo ta ƙasa ta taimaka wajen tattara takardun nema, yayin da wata ƙungiya daban mai suna Fight4thePJM ta riƙe ɓangaren fafutuka. Wannan rabon aiki yana da hikima: masu hulɗa da ofishin jakadanci kan rabon lamba ba su ne masu sa-in-sa da gwamnati ba.

Buƙata ɗaya, a jimla ɗaya

Ku zauna ku rubuta abin da kuke so a jimla guda: izini a rubuce, ba tare da sharaɗi ba, ga duk wanda aka ba lambar ya maƙala ta a kowane taro. Kada ku haɗa da maganar fansho, ko asibiti, ko wata lambar da wasu ke nema. Duk suna da muhimmanci, amma da zarar kun jera biyar, za a amsa muku mai sauƙin a bar mai wuyar. Kwamitin gudanarwa kada ya wuce mutum biyar zuwa bakwai: mai magana da yawu ɗaya, mai ajiye takardu, mai bin 'yan majalisa, ma'aji. Kowace wasiƙa da ta fita ko ta shigo a ba ta lamba da kwanan wata. Bayan shekara biyu za ku ga ofisoshi daban-daban sun ba ku amsoshin da ke karo da juna, kuma ranar da kuka ajiye wasiƙu biyu irin waɗannan gefe da gefe a gaban ɗan majalisa, rabin aikin ya ƙare.

Ku nisanci lambobin tunawa da 'yan kasuwa ke bugawa suna sayarwa. Mamba ɗaya ya bayyana a hoton jarida da irin wannan a jere da na gaske, sai a ce ai masu son ƙyale-ƙyale ne. Taku lamba shugaban wata ƙasa ne ya bayar da ita a hukumance, ku tsare wannan bambanci.

Neman bayanai daga gwamnati

Dokar 'yancin samun bayanai ta Birtaniya ta 2000 ta ba kowa damar tambaya, kuma ofis yana da kwanakin aiki 20 ya amsa. Amma akwai tarko biyu. Na farko, sashe na 37 ya ba da damar ɓoye abin da ya shafi bayar da lambobin girma da sadarwa da fada, don haka in kuka ce a ba ku duk abin da kwamitin ya tattauna, da wannan sashe za a rufe muku baki. Na biyu, ma'aikatar gwamnatin tsakiya tana iya ƙin tambayar da kuɗin nemo amsarta zai wuce fam 600. Maganin duka biyun shi ne tambaya ƙarama mai kaifi: wace rana aka karɓi takardar tayi, wane bugu na ƙa'idojin aka yi aiki da shi, sau nawa aka yi sassauci tun daga shekara kaza. In an ƙi, ku nemi a sake dubawa a cikin ma'aikatar, daga nan ku kai ƙara ga Kwamishinan Bayanai. Yana cin watanni, saboda haka ku fara da wuri, kuma kada ku dakatar da sauran aiki kuna jira.

Majalisa ce ta karya ƙofar

Kowane mamba ya rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsa, ba na wata mazaɓa ba, domin al'adar majalisar ita ce kowa ya kula da mutanensa. Shafi ɗaya, da kalmomin mai rubutun kansa, ɗauke da lambar soja da shekarun aiki, a haɗa da shafin misalan nan. Wasiƙa ɗari masu kalmomi iri ɗaya, amsa ɗaya ake buga musu. A ƙarshen wasiƙar ku roƙi abu takamaimai: ya miƙa rubutacciyar tambaya ga minista, ko ya sa hannu a ƙudurin nuna goyon baya, ko ya nemi a ware lokacin muhawara. Ƙudurin nuna goyon baya ba ya tilasta wa gwamnati komai, amfaninsa shi ne ya ba ku jerin sunayen masoyanku daga kowace jam'iyya. Takardar koke ta intanet a shafin majalisa tana samun amsar gwamnati in ta kai sa hannu 10,000, ana duba yiwuwar muhawara in ta kai 100,000. Ga ƙungiyar dattawa wannan adadi yana da nisa, kuma koken da ya tsaya a dubu biyu yana nuna rauni, don haka ku auna ƙarfinku kafin ku buɗe shi.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne lura da kalanda. Dokar rundunonin sojan Birtaniya dole ne a sabunta ta duk bayan shekara biyar, in ba haka ba tushen horo da ladabtarwa a soja ya faɗi. A 2011 lokacin sabuntawa ya zo. A watan Oktoba, Lord Craig na Radley, tsohon babban hafsan tsaron ƙasar, ya gabatar da gyara a Majalisar Dattawa da ya shafi lambobin Kwamanwel, aka kaɗa ƙuri'a gwamnati ta sha kaye. Wa'adin dokar ya matso, babu lokacin dogon jan-in-ja tsakanin majalisun biyu, sai gwamnati ta sassauto, aka ba da izinin maƙala lambar daga ranar tunawa da mazan jiya, 11 ga Nuwamba 2011. Shekarun wasiƙu da tambayoyi su suka sa dattawan majalisar suka riga suka san maganar kafin ranar ƙuri'a. Saboda haka ku duba wace doka ce gwamnati ba za ta iya bari ta faɗi ba, yaushe za ta zo, kuma wane ɗan majalisa mai kwarjini a harkar soja ne zai yarda ya ɗauki gyaranku. Ku same shi aƙalla wata shida kafin lokacin.

Kafin izini ya fito

Wanda har yanzu yake cikin kaki bai da zaɓi, dokar tufafin soja ta ɗaure shi, kada ya maƙala. Wanda ya yi ritaya farar hula ne, kuma da yawa daga tsofaffin sojojin Malaya sun riƙa sa tasu a taruka tun kafin 2011 ba tare da an kama kowa ba. Duk da haka ƙungiya ta bar wa kowa ra'ayinsa, kada ta tilasta, domin akwai dattawan da ba za su taɓa sa abin da fada ba ta yi izini ba, kuma wannan biyayya tasu ita ce ƙarfin hujjarku. A gaban 'yan jarida ku soki shawarar da jami'ai suka bayar, kada harshe ya kai ga fada. Jaridun ƙananan garuruwa sun fi amfani da manya a nan, saboda ɗan majalisa yana karanta ta mazaɓarsa kowane mako, kuma hoton dattijo riƙe da akwatin lambarsa a buɗe ya fi dogon sharhi tasiri.

Bayan an ce to

Ku nemi izinin a rubuce, da kwanan wata da sunan ofishin da ya fitar, ku duba ko ya ce a kowane lokaci ne ko a wasu taruka kawai, domin akwai izini mai iyaka. Ku raba kwafinsa ga kowane reshe da masu shirya fareti. Lambar baƙi tana zuwa ne a ƙarshen jeri, bayan duk lambobin gida, a ƙirjin hagu, wato ita ce mafi kusa da kafaɗa. Iyalin mamaci da ke son sa lambobinsa a ranar tunawa, a ƙirjin dama suke sawa. Lambar Malesiya tana da tambarin ƙasar a gaba da taswirarta a baya, ƙyallenta kuma ja ne a tsakiya, shuɗi a kowane gefe, rawaya a baki-baki. Ku kai wa mai ɗinkin lambobi dukan jerin ya sake ɗaura su a sanda ɗaya, ya daidaita tsawon ƙyallayen yadda gindin lambobin zai zo a layi guda, kuma in sun fi biyar ya ɗora su gefe a kan gefe, ta farko tana bayyane gaba ɗaya. Ku kuma ajiye rajistar mambobin da suka rasu kafin izinin ya fito, ku aika wa iyalan kowannensu kwafin takardar.